Ɗorawar Gwaggo Ba Ta Cikin Hoton

Laraba, 9 ga Afrilu, bayan la'asar

Baƙin sun tafi. Littafin nan ma su suka bar mini, wai in riƙa rubuta abin da mutanen Kwarin Gawo suke cewa game da hoton. To ga shi na fara, sai dai ba ni da niyyar nuna wa kowa.

Kwana uku suka yi. Wata ƙungiya ce daga birni, shugabar tafiyar wata budurwa mai suna Ramlat, mai fara'a, ba ta iya kai magana ƙarshe ba ta jefa Turanci ba. Sun zo da kwamfuta mai ƙirƙirarriyar basira, irin wadda za ka gaya wa abin da ke ranka ta zana maka shi kamar an ɗauka da kyamara. A faɗarsu, so suke talaka ya ga gobensa da idonsa ya zaɓa, maimakon a zaɓa masa. Mutanenmu dai na'ura kawai suke ce mata. Aka raba mu, maza a filin makaranta, mata a cikin gidan Mai Unguwa Yahya. Da yake ni ce malamar firamare kuma ana hutu, ni aka zaunar a gaban kwamfutar mata. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Har sabon mayafi na sa.

Maza suka ce sabuwar tashar mota suke so da ɗakin ajiye taki. Mu mata muka yi ta kame-kame, wannan ta ce injin niƙa, waccan ta ce asibiti, har Gwaggo Hure, yayar mahaifina, ta gyara zama ta ce ita ba ta ga amfanin jera buƙatu ba alhali ba mu da inda za mu faɗe su. Ta haura saba'in, ba ta taɓa taka zauren mai unguwa ana zaman shari'a ba, sai dai ta tsaya a waje ta aika da magana. Ta ce a gina mana ɗakin taro kusa da tankin ruwa, a inuwar ɗorawarta, inda dama mata suke zama in sun je ɗiban ruwa. Nan take kowa ta ce haka ne.

Na je na ɗauko hoton wurin da wayata, na'ura ta ɗora gini a kai. Yau aka yi zaɓe. Aka jingina hotuna biyu, namu da na maza, kowanne da kwano a gabansa, kowa ya zo ya jefa ƙwayar gyaɗa ɗaya. Namu ya ci, har da gyaɗar maza da dama a kwanonmu.

Gwaggo ba ta gani sosai, yana ta rufe mata ido tun bara waccan. Kafin ta jefa tata gyaɗar ta riƙe hannuna ta yi mini wata tambaya, na ba ta amsa. Shi ke nan.

Ya kamata in yi murna. Kaina ke ciwo.

Juma'a, 11 ga Afrilu, bayan an sauko daga masallaci

An kawo hoton daga birni, an buga shi a kan babbar leda irin ta 'yan siyasa, an kafa a bangon zauren mai unguwa. A sama an rubuta: Kwarin Gawo nan da shekara goma. A ƙasa akwai hatimi uku da ban san na su wane ne ba. Sai da hanya ta toshe don 'yan kallo.

Gaskiya ya yi kyau. Gini fari mai shuɗin kwano, mata suna shiga da takardu a hannu, kowacce fes kamar ba ta taɓa hura wuta ba. Ga tankinmu a gefe, har da tsagewar nan ta ƙafarsa da kowa ya sani, shi ya sa ba wanda ya yi shakkar ko ina ne. Bakin gonar Baffa Ja'afaru ne, ƙanin mahaifina. Bayan ginin kuwa fili ne fetal an shimfiɗa bulo, sai 'yan furanni a tukwane.

Ina tsaye daga baya na ji wani dattijo yana tambayar na kusa da shi ina ɗorawar Hure. Na sunkuya ina gyara takalmin da ba abin da ya same shi.

Bari in rubuta yadda zancen itacen yake. Da kakanmu ya rasu 'ya'ya uku ya bari: Gwaggo, da mahaifina, da autansu Baffa. Gonar ba ta kai a yanka ta uku kowa ya samu abin kirki ba, sai aka yi irin sulhun da aka saba yi a nan, maza su ɗauki ƙasa, mace ta ɗauki itacen da ke kanta. Ɗorawa bakwai ne, duk a ɓangaren da ya faɗa wa Baffa. Ba a rubuta komai ba. Shaidun su ne mahaifina da tsohon liman da mahaifin mai unguwa na yanzu, kuma duk sun riga mu gidan gaskiya. Da waɗannan bakwai ɗin Gwaggo ta riƙe kanta tun rasuwar mijinta, ga shi ba ta da ɗa a raye. Kalwa ta yi daddawa ta kai kasuwar Makoɗa, garin ɗorawar ta rabar, makuba ta sayar wa masu daɓe. Kowacce ta raɗa mata suna. Babbar ita ce Uwargida, akwai Mai Zuma, ƙaramar da iska ta taɓa karya wa reshe kuma Gurguwa.

Ni da aka zo rabon gonar mahaifina ko itace babu a kanta. Yayyena suka ɗauki ƙasa, aka ba ni awaki biyu.

Asabar, 12 ga Afrilu, da hantsi

Gwaggo ta lallaɓo da sandarta ta kawo mini daddawa, wai tukuicin aikin da na yi wa mata. Ta ce in siffanta mata hoton tunda an ce an kafa shi. Na ce gini fari, kwano shuɗi. Ta tambaya ko inuwar ta kai bakin ƙofar. Na ce na bar tukunya a kan wuta, na tashi.

Babu tukunya a kan wuta.

Litinin, 14 ga Afrilu, bayan azahar

Matan da suka je ɗiban ruwa sun dawo da labari. Baffa ya kawo wasu mutum biyu a kan babur, masu sayen itace suna kai wa birni. Sun zagaya ɗorawar ɗaya bayan ɗaya, suna rungumarsu suna auna kauri, suna ɗaga kai.

Tun Juma'a ake cewa Baffa kullum sai ya je ya tsaya gaban hoton, hannu a baya. Garin kuwa ya gama yanke hukunci: gwamnati ta zaɓi wurin, an zana, an buga hatimi, saura zuwan katafila. Ba na ganin laifinsu. Mu a nan ba a taɓa zuwa daga birni a ɗauki hoton gonar mutum don nishaɗi ba. In ka ga an ɗauka, to turaku na tafe.

Talata, 15 ga Afrilu, da safe

Sai da na hau tudun bayan makaranta na samu sabis. Na kira Ramlat sau huɗu kafin ta ɗauka. Suna wani ƙauye ta wajen Gezawa, ina jin ana tafi a bayanta. Na gaya mata halin da ake ciki, sai ta yi dariya, ba ta mugunta ba, irin ta wanda bai gane ba.

"Haba Malama, ai ba kwangila ba ce. Mafarki ne kawai muka taimaka muku kuka zana. Babu wanda zai gina komai."

Na ce to ta zo ta faɗa da bakinta. Ta ce motar ofis ba ta hannunta, amma za ta rubuto takarda. Na sauko daga tudun ina maimaita maganarta. Kwana uku muka bar daka da wanki muka zauna, ashe babu wanda zai gina komai.

Laraba, 16 ga Afrilu, bayan la'asar

Na je gidan Baffa. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, na gaya masa abin da Ramlat ta ce. Yana gyaran ƙotar fartanya, bai ɗago ba. Ya tambaye ni, in ba za a gina ba, hatimin na mene ne? Ya ce shi ba yaro ba ne. A garin surukansa da aka faɗaɗa titi, katafila ce ta tunkuɗe itatuwa, leburori suka kwashe icen, masu su suna tsaye suna kallo. Ba zai zauna a yi masa haka a gonarsa ba.

Na ce Baffa, ai itacen na Gwaggo ne. Sai a nan ya dube ni.

"Ke kika zana, ita ta zaɓa. Ni me na yi?"

Kowa ya san Baffa ya daɗe yana jin haushin inuwar nan. Duk damina sai ya yi ƙorafin geron da ke ƙarƙashinta ba ya yin kai. Shekara da shekaru kunyar yayarsa ce ta ɗaure masa hannu, sai ga ni na zo da sabon mayafina na kwance masa.

Gwaggo ta kai ƙara wurin mai unguwa. An sa Juma'a.

Alhamis, 17 ga Afrilu, bayan magariba

Gobe zan faɗa.

Juma'a, 18 ga Afrilu, da yamma

Maza a cikin zaure, mu a waje a gindin bango, daidai ƙarƙashin hoton. Ladan ne ke shiga yana fita da magana.

Gwaggo ta aika cewa itacen nata ne, gadon ubanta, kowa ya sani. Baffa bai musa ba, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro. Cewa ya yi ita da kanta ta sallama su. A gaban gari duka aka ajiye hoto babu itace ko ɗaya a cikinsa, ta taka da ƙafarta ta jefa gyaɗa a kwanonsa. Wanda ya zaɓi fili ai ya yafe inuwa.

Ladan ya fito da tambayoyin mai unguwa. Ta jefa gyaɗar? Ta ce ta jefa. Wani ya tilasta mata? Ta ce babu. Sai ya ce an tambaya ko akwai wanda ya gaya mata wani abu dabam game da hoton, tunda an san idonta.

Ina zaune ba nisa da ita, mutum biyu ne tsakaninmu. Ta juyo da fuskarta daidai inda nake. Ba ta ganina, na sani, amma ta juyo. Na sunkuyar da kai ina kallon ƙasa. Ta daɗe a haka, sannan ta ce wa ladan babu.

Hukuncin ke nan: abin da ya zo da hatimi ya fi ƙarfin mai unguwa, tunda itacen faɗuwa za su yi ko ana so ko ba a so, gara a sayar a ba Hure rabonta. Gwaggo ta ce ba ta son ko sisi. Abu ɗaya ta roƙa, a jira 'ya'yan su ƙosa ta girbe na bana, don har yanzu yawancinsu garda ne. Aka ce masu saye sun riga sun ɗauko hayar mota.

Na raka ta gida, tana riƙe da gefen mayafina.

Asabar, 19 ga Afrilu, da rana

Baban Ummi, maigidana, ya dawo daga Watari da kwandon tumatir. Ya ce na rame. Na ce zafi ne. Ya ji labarin a tasha, ya ce Baffa bai kyauta ba, amma in bar manya su yi abinsu, babu ruwana a ciki. Na ce to.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Gobe zan faɗa.

Litinin, 21 ga Afrilu, da hantsi

Sun fara da Uwargida.

Ƙarar injin yankan itacen tana kaiwa har ɗakina. Na rufe taga, zafi ya kore ni, na buɗe. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na ji faɗuwarta a ƙafafuna kafin in ji a kunne. Kaji suka watse.

An ce Gwaggo tana can, ta shimfiɗa buhu a bakin tanki ta zauna. Da itacen ya faɗi ta tashi tana laluben rassan, tana tsinkar abin da ya ɗan ƙosa tana zubawa a ƙwarya. Masu injin suka tsaya suka ba ta lokaci, an ce ɗayansu har ya taya ta. Ban je ba.

Laraba, 23 ga Afrilu

Biyu. Ƙudan zuma sun cika garin, sun rasa gida.

Alhamis, 24 ga Afrilu, bayan la'asar

Na hau acaɓa na je Makoɗa, shagon masu buga takardu, na sa an fitar mini da wani hoto daga wayata. Ga shi nan a gabana. Tunda na kawo nan, bari in rubuta abin da nake ta kewayewa mako biyu.

Ranar Talatar da baƙin suke nan hoto biyu na'urar ta yi mana, ba ɗaya ba. Na farko shi ne wannan. Ɗorawa bakwai cif, ginin a ƙarƙashinsu, rabinsa a inuwa, daidai yadda Gwaggo ta faɗa. Ramlat ta leƙo ta ce ya ɗan yi duhu, ta wuce. Ba ta ce in yi komai ba, kada in ɗora mata. Ni ce na je na leƙa hoton maza na ga tasharsu tana ƙyalli, na ce a raina wallahi ba za su ci mu ba. Na dawo na rubuta wa na'urar: a cire itatuwan don ginin ya fito. Ko minti ɗaya ba a yi ba suka ɓace. Matan da ke bayana suka ce lallai yanzu ya fi kyau, na ji kaina ya yi girma. Masu inji kwana biyu suke yi a kan guda ɗaya.

A raina hoto ne kawai. Na manta a garin da nake.

Ranar zaɓe kuma, da Gwaggo ta riƙe hannuna, cewa ta yi: "Tahira, ɗorawata na ciki?"

Na ce: "Suna ciki, Gwaggo, duk bakwai ɗin."

Layi ne a bayanta, Ramlat na ɗaukar mu a waya, na ga in na tsaya bayani za a ce mata ba su san abin da suke so ba. Dalilina ke nan, kuma da na rubuta shi na ga ko kare ba zai ci ba. Ina jin kunya, ina jin tsoro, kuma na tsani kaina.

Juma'a, 25 ga Afrilu, da yamma

Na faɗa.

Ban tsaya a gindin bango ba, ban nemi ladan ba. Na cire takalmi na yi sallama na shiga zauren. Wani tsoho ya janye ƙafarsa kamar na zo da wuta. Na durƙusa na ce, ranka ya daɗe, ina da magana. Na faɗi duka, abin da na rubuta wa na'urar da abin da na gaya wa Gwaggo. Na miƙa hoton farko. Ban rage komai ba.

Mai unguwa ya juya takardar gaba da baya. Ya ce wannan ƙarama ce, babu hatimi a jikinta, kuma ba ita aka jefa wa gyaɗa ba. Baffa ya ce shi tambaya ɗaya gare shi: wadda ta zo da bakinta ta ce ta yi wa makauniyar tsohuwa ƙarya, da wace maganarta za a yi aiki, ta jiya ko ta yau? Mai unguwa ya ce ko da ya so, ciniki ya faɗa, an yi musabaha a gaban shaidu, ba a kwance shi. Ya ce da na zo makon jiya, da wata magana ce.

Ina sa takalmina na ji wani yana cewa abin da ake gudu ke nan in aka sa mata a gaba.

Asabar, 26 ga Afrilu, da rana

Uku.

Baban Ummi ya dawo, ya ji a tasha. Bai yi faɗa ba. Ya zauna a tabarma ya tambaye ni me ya sa ban gaya masa ba tun wancan makon. Da ya yi faɗan da na fi samun sauƙi.

Litinin, 28 ga Afrilu, bayan azahar

An koma makaranta. Ajina ya ragu da mutum shida, iyayensu sun ce sai sun yi shawara. A bakin tanki matan da suka ce hoton ya fi kyau babu itace su ne suka fara ɗauke kai da na iso. Ba na jin haushinsu sosai. Rana ce ke dukansu a wurin da suka saba zama a inuwa, ga kututture huɗu suna kallonsu.

Na je ƙofar Gwaggo sau uku tun Juma'a. In na yi sallama maƙwabciyarta ce ke amsawa, ta ce tana hutawa. Ina jin ƙarar taɓaryarta daga ciki.

Laraba, 30 ga Afrilu, bayan la'asar

Takardar Ramlat ta iso, direban bas ya kawo. Da Hausa da Turanci, har da hatimi. Ta ce hoton ba tsarin gwamnati ba ne, babu wanda zai karɓi gonar kowa. Liman ya karanta a ƙofar masallaci. An ce Baffa ya yi hamdala ya ce to madalla, gonarsa ta tsira. Bana geronsa zai sha rana har ya gode Allah.

Na ruga wurin mai unguwa na ce tunda ga takarda, a bar biyun da suka rage. Ya amsa mini ta bakin ladan, ina waje. Ya ce ya riga ya faɗa mini, ciniki ya faɗa.

Ita kuma Ramlat ta turo saƙo a waya. An nuna hotonmu a wani babban taro a birni, an yi ta tafi, an ce matan Kwarin Gawo abin koyi ne. Tana so in rubuto mata yadda jama'a suka karɓi aikin, ko da layi biyar ne. Na rubuta na goge, na rubuta na goge. A ƙarshe na ɗauki hoton kututturan na tura mata ba tare da ko kalma ɗaya ba. Ta gani. Har yanzu ba ta ce komai ba.

Asabar, 3 ga Mayu

Shida. Hadari ya haɗo ta gabas ya watse.

Litinin, 5 ga Mayu, da hantsi

Yau na je. Na bar yara da aiki a allo na tafi.

Gurguwa ce ta rage, sun bar ta ƙarshe don ba ta da kauri. Ita kaɗai ta samu kwanakin da 'ya'yanta suka ƙosa sosai, sun yi ja sun bushe, in iska ta kaɗa kana jin ƙararsu. Ba ta ba su wahala ba. Gwaggo tana kan buhunta a bakin tanki. Da itacen ya kwanta na matsa na fara tsinka ina zubawa a ƙwaryarta. Ta ji hannuna ya taɓa nata, ta san ni ce. Ba ta kore ni ba. Muka cika ƙwarya uku.

Daga wurin na ɗaga kai na duba. Tanki a gefe, fili fetal. Ya zama daidai da hoton, ginin ne kawai babu.

Talata, 6 ga Mayu, bayan la'asar

Gwaggo ta aiko in zo.

Na same ta a tsakar gida ta baza kalwa a tabarma. Tukwanen daddawarta an wanke an kife a jikin bango. Na durƙusa zan fara ba da haƙuri, ta ɗaga mini hannu. Ta ce ta ji na shiga zaure. Na ce na shiga. Ta tambaye ni yaya cikinsa yake, don ita ba ta taɓa gani ba. Na ce ɗaki ne kawai, Gwaggo, tabarmi biyu da buzu, rufin ma yana yoyo. Ta yi 'yar dariya.

Sai na kasa daurewa na tambaye ta me ya sa ranar da ladan ya tambaye ta ta ce babu.

"A garin nan ke kaɗai ce macen da in ta yi magana ake ɗan saurarawa. Na ce itace ya tafi, kada ke ma ki tafi. Sai kika je kika ba su duka biyun."

Na yi kuka, ta bar ni na yi. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban ga fuskar tambaya ba.

Da zan tafi ta laluba gefen tabarma ta ɗauko wani ƙulli a tsumma ta sa mini a hannu. Kalwar Gurguwa ce, ɗanya, ta zaɓo manyan da yatsunta.

"Shekara goma kuka rubuta a hoton, ko ba haka ba? Ita ma kusan haka take yi kafin ta fara 'ya'ya. Ni ba zan gani ba. Ki shuka in ruwa ya sauka."

Na ce to, Gwaggo.

A hanya na bi ta gaban zauren. Hoton yana nan, rana ta fara cinye shuɗin kwanon, gefe ɗaya ya ɓalle yana kaɗawa. Na wuce gonar Baffa, an yi sharar gona an tara toka a kan kututturan. Na wuce ta yayyena, na wuce ta mijina da ya gada da 'yan'uwansa ba a raba ba. Tun daga ƙofar Gwaggo har ƙofarmu babu taku ɗaya na ƙasar garin nan da ba ta da mai ita, kuma duk maza ne.

Hadari ya sake haɗowa, yau da alamar zai zuba. Ƙullin yana nan a kan littafin. Ban san inda zan shuka ba.